Babi Na Tara: Dangantakar Katolika Da Furotesta A Yankin Funtuwa Da Malumfashi

Gabatarwa

A wurin mafi yawan Hausawa, Kirista Kirista ne, babu wani bambanci. Amma malamin da aka tura koyarwa Kafur ko Bakori ko Malumfashi zai tarar da yara biyu Hausawa, duk Kirista, wannan shugaban majami'arsu Fada ne, wancan kuwa Fasto. Wannan darasi zai duba yadda ɗariƙun biyu suka shigo yankin, da yadda tarzoma ta sauya zamansu da siyasarsu.

Shigowarsu Yankin

Ta hanyoyi biyu Kiristanci ya shigo. Ta farko ita ce hanyar jirgin ƙasa da cinikin auduga, waɗanda suka jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu zuwa Funtuwa, wasunsu Katolika, wasu Angilika, wasu Baftis. Ta biyu, wadda ta fi shafar mai nazarin Hausa, ita ce aikin mishan a ƙauyukan Maguzawa. Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita wa'azin mishan a masarautun Musulmi, saboda haka ƙungiyar SIM, wadda ta haifi ECWA a 1954, ta sami shiga lardin Katsina ne ta hanyar jiyyar kutare. Katolika kuwa sun kafu da ƙarfi bayan 1953, lokacin da aka danƙa yankin Sakkwato a hannun limaman Dominika, Malumfashi ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyinsu.

Tun da kunnuwan da ake nema ɗaya ne, gasa ba ta rasa ba. Saɓanin Turai ya biyo masu wa'azi har nan: matsayin Fafaroma, da girmama Maryamu, da auren limamai. Sai dai manomin da ke gyara rumbunsa bai cika damuwa da wannan ba. Sau da yawa ɗariƙar da ta riga kawo makaranta ko ɗakin magani ita ce gida yakan bi, shi ya sa akan sami wa da ƙane a majami'u dabam, gona kuwa gandu ɗaya.

Abin Da Tarzoma Ta Sauya

A watan Maris na 1987 rikici ya tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kaduna, domin sai a watan Satumba na shekarar aka ƙirƙiro Jihar Katsina. An ƙona masallatai a Kafanchan, an ƙona majami'u masu yawa a sauran garuruwan. Mai cinna wuta bai tsaya tambayar wace ɗariƙa ce ba. Haka aka sake gani a tarzomar bayan zaɓen Afrilu na 2011.

Wannan ne ya ba Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wato CAN, wadda aka kafa a 1976, nauyin da ba ta da shi a da. Ta zama bakin da ake magana da gwamnati da shi kan diyya, da filin gina majami'a, da koyar da addinin Kirista a makarantun gwamnati, da kuma batun shari'ar Musulunci da Jihar Katsina ta fara aiki da ita a 2000.

A nan kwatance da Ireland ta Arewa yana da amfani. A can Katolika da Furotesta su ne ɓangarorin faɗan, an kashe mutum fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar 1998, wadda ta raba mulki tsakaninsu. A kudancin Katsina kuwa dukkansu tsiraru ne, barazana ɗaya ta tura su inuwa ɗaya.

To, amma haɗin da tsoro ya ƙulla ba lalle ne ya zama ra'ayi ɗaya ba. A 2012 limaman Katolika sun janye daga harkokin CAN a matakin ƙasa na wani lokaci, a zamanin shugabancin Ayo Oritsejafor, bisa ƙorafin cewa ƙungiyar ta cika kusantar gwamnati. Katolika sun fi karkata ga tattaunawa da shugabannin Musulmi ta bakin bishop, alhali wasu majami'un sun fi son a fito fili a siyasa. Ga Bahaushe Kirista akwai wata damuwa dabam: shi ba baƙo ba ne, dangin Musulmin da ake magana a kansu ne, suna haɗuwa a biki da jana'iza da kasuwa, saboda haka zafafan kalaman da ake yi daga Abuja ko Legas shi ne ke kwana da su.

Matsalar 'yan bindiga ta sake jujjuya lissafin. A watan Mayu na 2021 an kai hari cocin Katolika a Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello, kamar yadda aka kashe ɗimbin manoma Musulmi a ƙauyukan yankin. A 2023 Fafaroma Francis ya ware Dayosis na Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, bishop na farko.

Jinga

Ɗalibi ya tattaro sunayen muƙamai da kalmomin ibada goma da kowace ɗariƙa take amfani da su a Hausa, ya bambanta na aro daga Larabci da na aro daga Ingilishi, sannan ya nuna waɗanda Musulmi ma suke amfani da su.