Darasi Na 12: Heliyotirof Mai Yaɗo

Ƙasa tsirara ba ta daɗewa da ƙarfinta. Rana ta ƙona ta, iska ta kwashe ta, ruwan sama kuma ya zaizaye ta. Saboda haka masu lambu a ƙasashe da yawa su kan shuka tsiro mai yaɗo, don ya rufe ƙasa kamar yadda tabarma ta ke rufe daɓe. Yau za mu karanta labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan tsire-tsire. Sunansa heliyotirof mai yaɗo. Yana da amfani, yana kuwa da haɗari. Ku karanta a hankali, ku san duka biyu.

Asalinsa da kamanninsa

Heliyotirof mai yaɗo ba tsiron ƙasarmu ba ne. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ya ke, wajen Ajantina da maƙwabtanta. Sunan kuwa daga harshen Girka ya fito. Ma'anarsa mai juyawa wajen rana, gama mutanen dā suna tsammani furensa yana bin rana duk inda ta nufa.

Ba ya tashi sama sosai. Tsawonsa ba ya cika wuce ƙafa 1, amma gindi ɗaya ya kan yi yaɗo ƙafa 2 ko 3. Ganyensa dogo ne, mai gashi-gashi, gefensa a lanƙwashe. Furanninsa ƙanana ne, masu launin shunayya, tsakiyarsu rawaya. Suna jeruwa a kan sanda ɗaya wadda kanta ya naɗe kamar wutsiyar kunama. Ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suna sonsa ƙwarai.

Yana da ɗan'uwa a nan ƙasarmu, watau karkashin ƙorama, wanda ya ke fitowa a bakin rafi da wuraren da ke da laima. In ka dubi furen karkashin ƙorama, za ka ga shi ma kansa a naɗe ya ke. Amma ku lura, karkashin da mata su ke miya da shi dabam ne, ba danginsu ɗaya ba.

Yadda a ke shuka shi

Ga yadda masu lambu su ke yi:

1. Su zaɓi wurin da rana ta ke bugawa sosai. A inuwa ba ya yin fure da yawa.

2. Su nemi ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, kamar jigawa. In ruwa ya daɗe a gindinsa, saiwar ta kan ruɓe.

3. Su kafce ƙasa, su cire ciyawa duka. Ba ya bukatar taki mai yawa.

4. Su shuka iri, ko su yanki reshe su dasa, ko su raba tsohon gindi biyu.

5. Su bar tazarar ƙafa 2 tsakanin gindi da gindi, don kowane ya sami wurin yaɗo.

6. Su riƙa ba shi ruwa a kai a kai har ya kama. In ya kama, ruwa kaɗan ya ishe shi.

Me ya sa ya ke jimre fari haka? Domin yana da doguwar saiwa mai kauri, wadda ta kan nutsa ƙafa 3 ko fiye cikin ƙasa. Ko samansa ya bushe, saiwar tana nan da rai. Da ruwa ya sauka sai ya sake tohowa. Ba kamar gero ba ne da a ke shukawa kowace shekara. Shuka ɗaya ta kan yi shekaru.

Yadda a ke lura da shi

Aikin mai lambu a nan ba na ciyar da shi ba ne, na tsare shi ne. A riƙa datse rassan da su ka wuce iyaka. A yanke furen da ya bushe tun bai zubar da iri ba. A tara abin da a ka yanke a ƙone, kada a zuba a juji, kada a ba dabba. In an ga ya tsiro a inda ba a shuka shi ba, a tone shi tun yana ƙarami, har da saiwarsa duka. In an bar guntun saiwa a ƙasa, wannan guntun zai zama sabon tsiro. Wanda ya sare shi da fartanya ya watsar, ƙara shi ya yi. Bayan aiki kuma a wanke hannu kafin a ci abinci.

Abin da ya faru a Ostareliya

An kai wannan tsiro ƙasar Ostareliya don ado a lambu. Daga lambu ya fita ya shiga makiyaya. A shekarar 1908 a ka fara ba da labarin ganinsa a jihar New South Wales. Daga nan ya yi ta bazuwa, har ya mamaye fili fiye da hekta 110,000 a wannan jiha kaɗai. Irinsa yana maƙalewa a gashin dabbobi, yana bin ruwa, yana shiga cikin ciyawar da a ke ɗauka daga gona zuwa gona. Inda ya yi ƙarfi, ciyawar kiwo ta kan ja da baya. Manoma sun yi noma, sun yi feshi, bai ƙare ba. A shekarar 2001 har sai da a ka kawo wani ƙwaro mai cin ganyensa daga Ajantina, a ka sake shi don ya rage shi.

Dafin da ke cikinsa

Babban haɗarinsa shi ne dafi. Ganyensa da furensa da irinsa duk suna da wani dafi mai lalata hanta. Ba ya kashewa nan take. A hankali ya ke taruwa, yau kaɗan, gobe kaɗan. Saniya ta yi makonni ko watanni tana ci, sa'an nan ta fara ramewa, idonta ya yi rawaya, ta riƙa tangaɗi, daga baya ta mutu. Shanu da dawaki sun fi tumaki da awaki saurin kamuwa, amma babu dabbar da ya ke yi wa amfani. Dabba mai ƙoshi ba ta cika kula shi ba. Sai lokacin da ciyawa ta ƙare, yunwa ta sa ta ci. Ko ya bushe cikin harawa, dafin yana nan.

Mutum ma bai tsira ba. A ƙasar Afganistan, daga 1974 zuwa 1976, irin wani ɗan'uwan wannan tsiro ya gauraya da alkama a gundumar Gulran. A ka niƙa, a ka yi gurasa, a ka ci. Mutane dubbai su ka kamu da ciwon hanta, cikinsu ya kumbura, da yawa su ka rasu. Karkashin ƙorama namu shi ma yana da irin wannan dafi. Don haka kada a jiƙa shi a sha, kada a ba yaro ko mace mai ciki.

Abin da ya kamace mu

To, jama'a, ku dubi ƙauyenmu. Da rani awaki da tumaki suna yawo ko'ina. Shanun makiyaya suna bi ta bayan gari. Masussuka kuma tana kusa da gida. Tsiron da ya gagari manoman Ostareliya, danga ta kara ba za ta tsare shi ba. Wanda ya shuka shi ya bar shi ya fita, ba kansa kaɗai ya cuta ba, har da maƙwabcinsa. In wani ya kawo maka baƙon iri ko baƙon fure, kada ka shuka sai ka nuna wa malamin gona. Rigakafi ya fi magani.

Mai son ya rufe ƙasarsa yana da abin yi a hannu. Wake yana yaɗo, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ga abinci, ga harawa. Dankali yana rufe kunya. Kabewa da gyaɗa su ma haka. Waɗannan in akuya ta ci, sai dai ta yi ƙiba.

Tambayoyi

1. Daga wace ƙasa heliyotirof mai yaɗo ya fito?
2. Me ya sa ya ke jimre fari?
3. Don me ba a barin guntun saiwarsa a ƙasa?
4. Wane sashe na jiki dafinsa ya ke lalatawa?
5. Faɗi tsire-tsire uku namu masu rufe ƙasa.

Aikin rubutu

Kowa ya rubuta waɗannan kalmomi sau uku: yaɗo, saiwa, ƙorama, hanta, harawa.