Always-On Display: Shin Agogon Da Ba Ya Mutuwa Yana Ƙona Sikirin Waya?

Wayoyi da yawa na yanzu ko an kulle su an ajiye, fuskarsu ba ta mutuwa gaba ɗaya. Agogo yana nan, kwanan wata yana nan, adadin cajin batir da alamar saƙon da ya shigo duk suna nan a kan baƙin sikirin. Wannan tsari shi ake kira Always-On Display, ko AOD a taƙaice. Nokia ta sa irinsa a wayoyin Lumia a 2013 da sunan Glance, Samsung ta yaɗa shi da Galaxy S7 a 2016, Apple kuma ba ta kawo shi iPhone ba sai a 2022 a kan iPhone 14 Pro. Yau har wasu wayoyin Tecno, Infinix da Redmi masu matsakaicin farashi suna da shi.

Sai dai mutane da yawa suna kashe shi saboda tsoron kada agogon ya bar tabo a sikirin. Tsoron yana da tushe. Agogon da aka bari a kunne dare da rana yana yin awa 8,760 a shekara yana ci, sikirin kuwa yana cikin sassa mafi tsada a waya. Amma kafin a ɗora wa AOD laifi, ya kamata a san yadda sikirin yake aiki, domin sau da yawa mai laifin daban ne.

LCD da OLED: inda maganar ta faro

Fuskar waya ta ƙunshi ƙananan ɗigo da ake kira fiksal. Sikirin mai ma'aunin 1080 x 2400 yana ɗauke da fiksal 2,592,000. Yadda waɗannan ɗigo suke samun haske shi ne ya raba sikirin gida biyu.

A sikirin LCD akwai fitila a baya da ke haska fuskar baki ɗaya, fiksal kuma aikinsu tace hasken ne kawai. Ko baƙi ake nunawa fitilar tana ci. Shi ya sa ba a cika samun AOD a irin waɗannan wayoyi ba, domin zai sha batir da yawa.

A sikirin OLED, wanda nau'insa ne ake kira AMOLED, kowane fiksal shi ke samar da haskensa. Duk inda aka ga baƙi, fiksal ɗin wurin a kashe suke. Saboda haka waya za ta iya kunna 'yan fiksal kaɗan su zana agogo, sauran miliyoyin suna hutawa. Wannan ne ya sa AOD ya yiwu, kuma daga nan ne matsalar ƙuna take fitowa.

Mece ce ƙunar sikirin?

Babu wuta a cikin lamarin. Sinadaran da ke ba da haske a cikin fiksal na OLED suna tsufa, kuma duk sa'ar da suka yi suna ci ƙarfinsu yana ɗan raguwa. Da a ce dukkan fiksal suna aiki daidai wa daida, da sikirin zai dushe ne gaba ɗaya a hankali, ba wanda zai lura. Matsalar tana zuwa ne idan wasu sun fi wasu aiki. Kamar tabarma ce da aka shimfiɗa a bakin ƙofa: wurin da ake takawa kullum shi ke fara koɗewa, sauran wurare suna nan sabbi. Idan wata alama ta daɗe a wuri guda tana haske, fiksal ɗin wurin sun riga maƙwabtansu tsufa, sai siffar alamar ta riƙa bayyana kamar inuwa a kan duk abin da aka buɗe.

Hoton OLED yana haɗuwa ne daga ƙananan fitilu ja, kore da shuɗi, kuma shuɗin ya fi saurin gajiya. Shi ya sa wurin da ya ƙone yakan yi ɗorawa-ɗorawa ko ja-ja idan aka nuna farin shafi.

Abubuwa uku ne ke hanzarta wannan tsufa: ƙarfin haske, tsawon lokacin da hoto ya yi bai motsa ba, da kuma zafi. Wanda ya riƙe waɗannan uku ya fahimci darasin nan gaba ɗaya.

Ba kowace inuwa ce ƙuna ba

Akwai inuwa ta ɗan lokaci, wadda kan bayyana bayan hoto ya daɗe a sikirin, sannan ta ɓace da kanta bayan mintuna ko awanni. Tana faruwa a OLED da LCD duka. Wani lokaci ma matsalar manhaja ce. A 2023 wasu masu iPhone 15 Pro Max sun yi ƙorafin ganin inuwa a sikirin, sai Apple ta saka gyaran matsalar a cikin iOS 17.1. Ƙuna ta gaskiya kuwa ba sabuntawar da ke cire ta, domin sinadarin ne ya riga ya ci.

Ƙorafin da ya fi yin amo shi ne na Pixel 2 XL a 2017, inda aka fara ganin inuwa a ƙasan sikirin jim kaɗan bayan fitowar wayar. Google ta tsawaita garantin wayar zuwa shekara biyu, ta kuma fitar da sabuntawa da ke dusashe maɓallan ƙasa idan ba a amfani da su. Abin lura a nan shi ne inda inuwar ta fito: a wurin maɓallan komawa baya da na gida, waɗanda ke zaune a wuri guda duk lokacin da wayar take buɗe.

Yadda aka kare AOD

Masu ƙera waya sun san haɗarin, don haka sun gina AOD a kan kauce wa abubuwan nan uku. Haskensa ƙasa yake sosai idan aka kwatanta da na buɗaɗɗiyar waya. Agogon kuma ba ya tsayawa cak. Manhajar tana ɗan matsar da shi lokaci zuwa lokaci don kada fiksal iri ɗaya su ɗauki nauyin kullum. Wanda ya lura da AOD na Samsung zai ga agogon yana canza wuri. Bugu da ƙari, wayoyi da yawa suna kashe shi idan aka sa su a aljihu ko aka kife su. iPhone tana kashe shi idan aka kunna Low Power Mode ko Sleep Focus.

Manyan wayoyi masu sikirin LTPO suna rage saurin sabunta hoto har zuwa sau ɗaya a daƙiƙa lokacin AOD. Wannan batir yake tanadawa, yana kuma rage ɗumin wayar.

Saboda haka AOD na asali, wanda ya zo da wayar, haɗarinsa kaɗan ne. Wanda ya fi ban tsoro shi ne manhajojin AOD da ake saukewa daga Play Store. Wasunsu ba sa matsar da agogo yadda ya kamata, wasu suna hana wayar shiga cikakken hutu, sai batir ya zube wayar ta yi zafi. A kan sikirin LCD kuwa fitilar baya suke bari a kunne dungum.

Inda ainihin haɗarin yake

Abin da ya fi cin sikirin shi ne abin da ake yi da wayar tana buɗe da cikakken haske. Layin sama mai agogo da alamar sabis da batir, maɓallan ƙasa, allon rubutu ga mai yawan hira a WhatsApp, alamomin gefen TikTok da ba sa motsi ko bidiyo ya canza, maɓallan wasan da ake yi na awanni, duk waɗannan su ne ake yawan gani sun zauna a tsoffin wayoyi.

Yanayin ƙasar Hausa yana ƙara wa lamarin nauyi. A tsakar rana waya takan ɗaga haskenta zuwa ƙarshe don a iya gani, ga kuma zafin watannin Maris zuwa Mayu. Direban da ya maƙala waya a gaban mota, taswira a buɗe, caja a jiki, rana na dukanta, ya haɗa haske da tsawon lokaci da zafi a wuri ɗaya. Wannan ya fi agogon AOD mai dusasshen haske illa nesa ba kusa ba.

Matakan kariya

1. A bar hasken waya a kan mai daidaita kansa, kada a ƙure shi a cikin ɗaki.
2. A rage lokacin mutuwar sikirin zuwa daƙiƙa 30 ko minti ɗaya.
3. A koma amfani da jan yatsa maimakon maɓallan ƙasa guda uku.
4. A kunna Dark mode, domin baƙi a OLED hutu ne ga fiksal.
5. A tsara AOD ya mutu da dare. Samsung tana da zaɓin jadawali da na taɓawa ya nuna na ɗan lokaci. A iPhone kuma tun daga iOS 16.2 ana iya cire hoton bango daga AOD.
6. A zaɓi siririn agogo a kan baƙin fage, a riƙa canza salonsa bayan wani lokaci.
7. Kada a bar waya a rana ko a ƙarƙashin matashin kai tana caji.

Kafin a sayi wayar hannu

Mai sayen tsohuwar waya, a Farm Centre ta Kano ko wata kasuwa, ya fi kowa bukatar wannan sani, domin hoton bango mai launuka da yawa yana ɓoye tabo. A buɗe hoto mai launin toka zalla ya cika sikirin, a duba da matsakaicin haske a inuwa, sannan a gwada fari, ja, kore da shuɗi. A wayoyin Samsung da yawa, danna *#0*# a wurin kira yana buɗe shafin gwajin launuka. A fi mai da hankali kan saman sikirin, ƙasansa, da wurin allon rubutu. Idan an ga inuwa, a kashe sikirin na wasu mintuna a sake dubawa. Wadda ta dage ƙuna ce, kuma dalili ne na rage farashi ko fasa ciniki.

Idan ta riga ta ƙone

Manhajoji da bidiyoyin da ke walƙiya da launuka suna iya taimakawa ga inuwa ta ɗan lokaci, amma ba sa mayar da fiksal da ya tsufa sabo. Iyakar abin da za su yi shi ne tsufar da sauran sikirin don tabon ya ɗan saje. Magani ɗaya ne, canza sikirin. A nan ma a tambayi mai gyara irin wanda zai saka, domin akwai sikirin LCD mai araha da ake ɗora wa wayoyin OLED. Da irin wannan baƙi ba zai ƙara zama baƙi wuluk ba, AOD zai riƙa shan batir, kuma na'urar zanen yatsa da ke cikin sikirin takan daina aiki. Idan wayar tana cikin garanti, a fara kai ta cibiyar kamfanin kafin wani ya buɗe ta.