Shamuwa ta zo

A ƙarshen bazara, cikin watan Afrilu ko Mayu, shamuwa tana isowa ƙasar Age, Gazawa da Gidan Runji. Daga kudancin Afirka take zuwa. In manomi ya gan ta, sai ya gyara gona, ya fiddo iri, don damina ta kusa.

Shamuwa baƙa ce, amma cikinta fari ne. Tana da dogayen ƙafafu da dogon baki. Tana yin sheƙa da ƙirare bisa manyan itatuwa cikin gari, ta yi ƙwai 2 ko 3.

Balbela ita kuwa fara ce fat. Tana bin shanu, tana cin ƙwarin da suka tayar.

Bayan ruwan fari, gara masu fiffike suna fitowa daga suri. Kwaɗi suna kuka cikin tabki. Bushiya tana yawo da dare.

Shamuwa tana cin fara mai ɓarnar hatsi. Yaron da ya kwashe ƙwanta, ko ya harbe ta, fara ya taimaka wa.

Tambayoyi
1. Yaushe shamuwa take zuwa?
2. Mene ne bambancinta da balbela?
3. Don me ba a kashe ta?