Kayan Da Ke Saman Kanka A Jirgin Sama

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama ya ga durowoyin nan da ke jere a saman kujeru, inda fasinjoji ke sa jakar hannu. In ka leƙa cikin ɗaya da kyau, za ka ga ɗan rubutu da ke faɗin iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka. Doka ce ta tilasta a manna shi.

To, sau da yawa za ka ji mutum ya ce, "Ai masu ƙera jirgi sun bar rara, ƙarin kilo 5 ba zai yi kome ba." Gaskiya ne sun bar rara, amma ba don tsarabarka suka bar ta ba. Dokar hukumar jiragen sama ta Amurka ta ce dole durowa ta riƙe kayanta ko da saukar gaggawa ta fizge su gaba da ƙarfin da ya kai ninki 9 na nauyinsu, ko ƙasa ninki 6, ko sama ninki 3. Yi lissafi da kanka. Jaka mai kilo 10, a wannan lokaci, kilo 90 take bugun durowar da shi. Ƙarin nan naka na kilo 5 kuwa ya zama kilo 45, a kan ɗan makulli da ƙusoshin da ba a auna su da shi ba. Ka ga ka cinye rabon ranar hatsari tun jirgi bai tashi ba.

Ranar 8 ga Janairu 1989 wani jirgin British Midland, ƙirar Boeing 737, ya faɗi kusa da ƙauyen Kegworth a Ingila, mutum 47 suka rasu. Da masu bincike suka shiga, sai suka tarar kusan duk durowoyin sun ɓalle daga rufi sun rufto wa mutane. Ita kanta rarar tana da iyaka ke nan.

Amma abin da ya fi yawan jikkata mutane bai kai haka ba. Jirgi ya shiga gargadar iska, kaya su gusa, wani ya buɗe murfi da gaggawa bayan sauka, jaka ta faɗo a kan wanda ke zaune bakin hanya. Shi ya sa kamfanoni da dama suka tsayar da jakar hannu a kilo 7 ko 8. Alhazanmu masu dawowa da dabino da turare, a nan aka fi samun gardama da ma'aikatan jirgi, kuma a ganina ma'aikatan ne ke da gaskiya.

Abu mai nauyi ko mai tauri, tura shi ƙarƙashin kujerar da ke gabanka. Na sama ya zama mai sauƙi, ka kuma tabbata murfi ya rufu ba da dannawa ba. In kuwa aka ce a fita da gaggawa, kada ka taɓa durowa, domin an tsara a kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 ne, kuma ba a lissafa da jakarka ba.