DARASI: IDAN MAI KARƁAR BASHI YA ZO WURIN ƘUNGIYA

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan tsohon bashin banki ne. Ƙungiyoyi da dama sun ci rancen iri da taki, musamman a shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Nijeriya ya fara a Kebbi a 2015. Waɗansu ambaliya ta cinye gonakinsu, waɗansu tashin hankali ya raba su da gida, bashi kuwa yana nan yana haihuwa. Idan banki ya gaji da bi, ya kan danƙa aikin ga lauya ko kamfanin karɓo bashi.

Wannan baƙo ɗan aike ne. Galibi kamasho ya ke samu daga abin da ya karɓo, shi ya sa ya ke gaggawa. Rangwamen da ya faɗa da baki ba ya ɗaure banki. Mu ba shi kujera da ruwan sha, sa'an nan mu nemi takardar da ta nuna banki ne ya aiko shi. Shugaba da ma'aji su kai ta reshen bankin a tabbatar.

A can kuma su roƙi cikakken lissafin bashin tun daga ranar farko. Nan ne aikin ya ke. A ce an ce ana bin mu naira 850,000. Idan aka warware, mai yiwuwa uwar kuɗi 500,000 ce, ruwa 200,000, tarar jinkiri 150,000. Tara ita ce banki ya fi saurin yafewa, ruwa ya kan rage, amma uwar kuɗi da wuya ya taɓa ta. Wanda bai ga wannan rabo ba, ciniki ya ke yi cikin duhu. Magatakarda ya gwada lissafin da rasit ɗin da ke akwatinmu, gama buhunan da aka biya da su a kaka ba kullum su ke shiga littafi ba.

Kada mu yi alkawarin da rumbu ba zai ɗauka ba. Biya gaba ɗaya ya fi jawo rangwame, amma in sai an sayar da shanun noma ko irin shuka, gara biya kashi kashi. Mu nemi ranakun biya su faɗo bayan kaka da 'yan watanni, lokacin da hatsi ya saba yin daraja.

Ko kwabo kada ya fita sai an rubuta yarjejeniya a takardar banki, da sa hannun manaja, tana cewa wannan kuɗi ya kashe bashin duka. Ɗan abin da a ke cewa a fara bayarwa don nuna niyya yana iya ta da bashin da wa'adin kai ƙararsa ya wuce, don haka a tambayi lauya tukuna. Ba gudun bashi mu ke koyarwa ba. Abin da mu ka ci za mu biya, amma da ido buɗe. A zuba kuɗin cikin asusun bashin a banki, ba a hannun mutum ba. Bayan biya na ƙarshe a karɓi takardar shaidar cewa ba a bin mu kome, domin a gyara sunanmu wurin masu ajiye tarihin bashi.

Idan an yi mana barazana da 'yan sanda, mu sani dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Zamba dabam ce. Ɓoye kuɗi a wani banki kuwa ba dabara ba ce. Tun watan Agusta 2020, wanda ya sa hannu a takardar izini lokacin cin rance, ana iya bin lambarsa ta BVN a cire uwar kuɗi da ruwa daga sauran asusunsa.

A taro mai zuwa, magatakarda ya zo da takardar rancen a karanta ta da ƙarfi, a ga ko kowa nasa kason a ke bin sa, ko kuwa mun tsaya wa juna ne.