Yadda Ake Canza Ledar Cikin Ƙofar Mota

'Yan'uwa masu tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, ku duba ƙofofinku kafin damina.

Ruwan sama yakan bi jikin gilashi ya shiga cikin ƙofa, ya fita ta 'yan ramukan ƙasanta. Leda ce ke hana shi taɓa kwalin ciki. Sau da yawa akan yage ta wajen gyaran gilashi, ba a mayarwa. Daga nan sai kwali ya ruɓe, daɓen mota ya jiƙe, tsatsa ta ci ƙarfe.

Ga yadda ake yi:

1. A kwance hannayen ƙofa, a ɓamɓare kwali a hankali.
2. A kankare tsohon danƙo, a wanke wurin, a bari ya bushe.
3. A yanka leda mai kauri daidai girman tsohuwar.
4. A liƙa ta da baƙin danƙon mota, a cusa bakinta na ƙasa cikin ƙofar.
5. A tsokane ramukan ƙasa da waya.
6. A zuba ruwa kan gilashi a gwada, sannan a mayar da kwali.

Ku tuna, kuɗin leda bai kai na walda ba.