Darasi: Gyambon Ƙafa Ga Mai Ciwon Sukari

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Funtua da Malumfashi ƙafa ita ce jarinmu. Da ita muke bin kunyar masara, da ita muke shiga gonar auduga. Amma ga mai ciwon sukari, ƙaya guda tana iya raba shi da ƙafarsa.

Dalili

Idan sukari ya daɗe da yawa cikin jini, yakan lalata jijiyoyin ƙafa. Mutum sai ya taka ƙaya ko kututturen kara bai ji ba. Hanyoyin jini kuma su tsuke. Jini shi ke kai iskar oksijin wurin rauni, in kuwa ba ta isa ba, nama ba ya haɗewa. Sai rauni ya zama gyambo, ya ruɓe, har ya kai ga yanke ƙafa.

Ɗakin iska

A waɗansu manyan asibitocin duniya akwai rufaffen ɗaki da akan sa majiyyaci ciki. Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin 100 ne oksijin. A ɗakin nan tsantsarta ake shaƙa, an kuma matsa iska ninki biyu ko fiye, don jini ya ɗauki oksijin mai yawa. Akan yi wajen minti 90 a zama ɗaya, zama 30 ko 40. Yana taimakon waɗansu, amma da tsada ƙwarai, kuma sai an gwada wankin ciwo da sauran magani tukuna. Namu aikin yana gida.

Abin da za mu yi

1. Mu wanke ƙafa kowane maraice, mu share tsakanin yatsu.
2. Mu duba tafin ƙafa da madubi, ko wani ya duba mana.
3. Kada mu shiga gona ba rufaffen takalmi. Mu kakkaɓe shi kafin mu sa.
4. Kada mu yanke kanta da reza, kada mu gasa ƙafa a wuta da hunturu.
5. In mun ga rauni, kumburi ko wari, mu je babban asibitin Funtua ko Malumfashi a ranar. In ya faskara, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Rigakafi ya fi magani.

Tambaya don tattaunawa

In ɗan ƙungiyarmu ya kwanta da gyambo da damina, wa zai nome gonarsa, wa zai biya kuɗin mota?